Hannun Fartanya a Filin Harbi

Daga fadar gindin darbejiya, ƙofar gidan marigayi Malam Isa, Marken Gabas, ƙasar Ɗambatta.

Zuwa ga mai girma, mai ɗamara, mai takalmin da ake jin takunsa tun daga bakin rijiya. Garkuwar gidanmu, fitilar zuri'ar Malam Isa, abar alfaharin Marke gabas da yamma har zuwa inda gonar Liman ta tsaya. Wadda hukuma ta duba ƙasar nan kudu da arewa ta ga babu kan da ya dace da hular 'yan sanda kamar nata. Wato Kurtu Saudatu Sulaiman, wadda a cikin gida ake ce wa Saude, a aike ta ta sayo gishiri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Ubangijin da ya raya ki har kika kai wannan matsayi ya kai ki Kano lafiya, ya tsare ki daga direba mai gaggawa da taya mai sanƙo, ya sa ki sauka da ƙafar dama, ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan aiki masu tsoronsa. Amin.

Mai wannan rubutu shi ne baffanki Haladu, ƙanen mahaifinki, wanda ya girme ki da shekara biyar da wata huɗu. Na san kin fara murmushi. Ki yi abinki. Tun ranar da Allah ya karɓi ran Yaya Sule, addini da al'ada suka haɗu suka ɗora mini rawanin uba, ba tare da sun tambayi ko gemuna ya gama fitowa ba. Na zaɓi takarda ne domin duk ranar da na gyara murya zan yi miki nasiha, dariya kike yi har ki riƙe ciki, ita kuwa takarda ba ta jin kunya. Za ki same ta a jakarki, ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da Innarki ta sa miki.

Jiya muna cin tuwo kika gaya mana cewa an sa sunanki cikin masu gwajin shiga tawagar harbi ta rundunarku. Kika ce ranar Litinin za ki rubuta sunanki a rukuni ɗaya cikin biyu, ko na libarba ko na fistol, kuma in an rubuta ba a gogewa. Kika ce gwaji bayan mako shida ne. Wanda ya ci zai zauna a barikin Kano yana atisaye, wanda ya faɗi kuma a tura shi duk inda takarda ta ga dama. Kin faɗi wannan kina miƙa hannu ki ƙara miya. Ba ki lura ba, amma ni na ga Innarki ta mayar da lomarta cikin kwano, ba ta sake ɗauka ba. Kano mota ɗaya ce daga Ɗambatta. Inda takarda take tura mutum kuwa, ni na san shi.

Shekara shida da suka wuce, ina ɗan sanda kamarki, na tsaya a gaban wannan teburin zaɓe da za ki tsaya. Da na faɗi gwajin, na aiko gida cewa son kai aka yi, aka ɗauki 'ya'yan manya. Yau, a gaban Allah da wannan biro, ina janye maganar. Ƙarya na yi. Babu wanda ya zalunce ni. Ni na kayar da kaina, daki-daki, cikin tsari da natsuwa, kuma ga yadda aka yi.

Mai horar da mu shi ne Saje Modu, haifaffen birnin Kano wanda kakanninsa suka zo daga Barno, dogo, mai magana kamar ana sayar masa da kalmomi. Na tambaya, an ce har yanzu shi ne a wurin. Ranar zaɓe ya shimfiɗa bindigogi biyu a kan tebur. Ɗaya libarba, mai gangar nan da ke juyawa, ɗakuna shida, kowane ɗaki harsashi guda. Ta tsufa, fentinta ya koɗe, mariƙinta ya yi santsi kamar ƙotar da aka gada. Ɗaya kuma fistol, baƙa wuluk, tana ƙyalli, mai magazin da ke cin harsasai fiye da goma, tana tofar da kwanso ta ɗura wa kanta wani ba tare da an roƙe ta ba. Na dubi layin fistol, samari sun cika shi har bakin ƙofa, duk masu gyaran fuska irin na birni. Na dubi layin libarba, mutum huɗu, biyu daga cikinsu da furfura. Gurbi biyu ake nema a nan, biyu a can. Ko yaron da bai gama firamare ba ma zai iya wannan lissafin. Ni, mai takardar sakandare, na bi dogon layi.

Da na iso gaba, Saje bai miƙo mini biro ba. Ya ce, "Kai manomi, kawo hannunka."

Na miƙa. Ya juya tafin, ya danna kantar da ke gindin yatsuna, ya ce, "Wannan hannun libarba ne."

Na gyara tsayuwa na ce, "Ranka ya daɗe, zamani ya ci gaba."

Ya ce, "Zamani ya ci gaba, hannunka yana gona. Rubuta inda kake so."

Na rubuta inda idona yake so. Saboda haka, 'yata, nasihar farko: ki ƙirga mutanen da ke layi kafin ki shiga, kuma idan wanda ya shekara ashirin yana kallon hannayen mutane ya dubi naki ya yi magana, ki bari maganar ta kwana a ranki. Allon da ake harbi ba ya ganin ƙyallin bindiga. Rami kawai ya sani.

Abin da Saje ya gani a hannuna, sai a rana ta huɗu na fahimce shi. Ita fistol, duk harbi ɗaya, ƙarfen da ke samanta yana zamewa baya da ƙarfi ya koma, cikin ƙiftawar ido. Don haka ake koya wa mutum ya kwantar da manyan yatsunsa biyu a gefe ɗaya, suna kallon gaba, kada ɗaya ya haura bayan bindigar. Mu kuwa, tun muna shekara bakwai aka ba mu fartanya, muka saba mu damƙe ƙota da hannu biyu, babban yatsa a kan babban yatsa, a kulle. Kwana uku ina riƙon da aka koya mini, domin ina harbi ina tunani. Rana ta huɗu aka kawo agogo, aka ce daga yau da lokaci za a yi. Ana busa usur, tunani ya gudu, hannuna ya koma gida. Na damƙe ta kamar zan yi noman firi a gonar bayan gari. Harbi ɗaya na yi. Ƙarfen ya dawo ya tarar da yatsana zaune a kan hanyarsa, ya wuce da rabonsa.

Saje ya karɓi bindigar, ya dubi jinin, ya ce, "Manomi, ta gaishe ka?"

Ɗinki huɗu aka yi mini, na yi mako biyu ina kallon 'yan'uwana suna atisaye daga kan benci. Mako biyu cikin shida, Saude. Tabon yana nan, shi ne wanda na ce miki lauje ne ya yanke ni.

Abin da na koya shi ne, idan gaggawa ta zo, hannu yakan manta karatun jiya ya koma na yarinta. Naki hannun taɓarya ya rene shi, kuma riƙon taɓarya ɗan'uwan riƙon fartanya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Libarba ba ta da abin da ke zamewa baya. Ki kulle yatsunki a bayan mariƙinta yadda kika saba, ba za ta ce miki komai ba. Nata sharaɗin guda ne: akwai 'yar tsaga tsakanin ganga da bututu, wuta tana fita ta nan duk harbi, kada yatsa ya je yawo kusa da ita.

Kada ki ɗauka libarba waliyyiya ce. Adalci ya wajaba a kan mai nasiha, ko da ƙaramin uba ne. Kunamarta tana da nauyi, tafiyarta da nisa. Sai kin ja, kin ja, kamar mai jan guga daga rijiyar rani, kafin ta tashi, kuma duk tsawon jan nan hannu yana son karkacewa. Harsashi shida ne kawai, sai ki tsaya ki zubar da kwanso ki sake ɗurawa, agogo kuma bai san uzuri ba. Za a yi miki dariya, za a ce kin ɗauko bindigar kakanni. Fistol kuwa kunamarta taɓawa kawai take so, cikinta da yawa, kuma mai yiwuwa irinta za ki riƙa ratayawa a bakin aiki, sanin ta ba asara ba ne. Yawancin mata can ake tura su, ana cewa yatsansu ba zai iya jan kunamar libarba sau hamsin a yini ba. Masu faɗin haka ba su san ki ba. Ba su ga shekarun da kika yi kina ɓarar gyaɗa buhu-buhu ba, ba su ga kina matse tunkuza da Innarki har sai ta daina ɗigar da mai ba. Ni shaida ne a kan ƙarfin yatsunki. Ranar da na cinye miki ɗanwake kika mintsine ni a damtse, kwana uku ina sallah da ƙyar nake ɗaga hannu.

Duk da haka, kada ki zaɓa don na faɗa. Wanda ya faɗi jarrabawa ba ya zama alƙali don kawai ya iya rubutu. Ki je wurin Saje kafin Litinin, ki gaishe shi, ki roƙe shi gwajin ƙwandala. Zai tabbatar babu harsashi, ke ma ki duba da idonki, sau biyu. Sai ya ɗora ƙwandala a kan bindigar, ki miƙa hannu ki ja kunama sau goma. Ki yi da wannan, ki yi da waccan. Wadda ƙwandala ta zauna a kanta ba ta faɗo ba, ita ce taki. Idan kuma kika ga yatsanki bai kai kunamar libarba sosai ba sai kin murɗa hannu, ki bar ta, ki yaga wannan shafin ki kunna wuta da shi. Ni an yi mini tayin wannan gwajin, na ce ba na bukata.

Da aka kwance mini ɗinki na koma fili da tsoro a hannuna. Na daina damƙe bindigar, ina riƙe ta sako-sako kamar mai riƙe da jaririn maƙwabta. Ita kuwa fistol tana son hannu mai tauri da za ta dogara da shi. In ba ta samu ba, sai kwanso ya maƙale mata a wuya ta cije. Na kuma ƙara da wata sabuwar ɗabi'a: da na ga ban samu tsakiya ba, sai in yi ta saki, ina cewa ai akwai saura a ciki. Mai rumbu cike ba ya tausayin dami. Waɗancan dattawan na libarba kuwa, da shidansu a hannu, kowane harsashi sai sun yi masa sallama kafin su sake shi. Harbinsu ya riƙa tuna mini da shukar Yaya Sule: a sara, a zuba, a take, a ɗaga ƙafa, babu sauri babu tsayawa, har kunya ta ƙare. Ko wacce kika zaɓa, ki yi harbi kamar shida gare ki.

Yanzu na zo kan babban al'amari, wanda saboda shi na ɓata wannan takarda duka, kuma ina roƙon ki daina dariya na minti biyu.

Ranar gwaji aka kafa rumfa a bayanmu, aka jera benci, wani babban jami'i ya zo da muƙarrabansa. Doka ta farko a filin harbi, wadda ake maimaitawa kullum kamar karatun allo, ita ce bakin bindiga ba ya barin wajen allo, ko sama za ta faɗo. Na haddace ta. Da aka zo kaina na harbi allo na farko da na biyu, ba laifi. A na uku ta cije. Na ja, shiru. Na fara kokawa da ita, gumi yana shiga mini ido, yatsana kuma yana nan a kan kunama ban sani ba. Saje yana tsaye a bayana, ya gani. Ya ɗaga murya ya ce, "Haladu!"

So yake ya ce in cire yatsa. Bai samu ya ƙarasa ba.

Kin san gidan da muka tashi. Kin san Malam Isa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda babba ya kira yaro, yaro ya amsa masa da ƙeya ba. Ana kira, ka juyo gaba ɗaya, ka rusuna, sannan ka amsa. Wannan karatun ya riga na Saje shiga jikina da shekara ashirin. Na juyo da jikina duka, na ɗan durƙusa, na ce, "Na'am, ranka ya daɗe." Bindiga tana hannuna biyu, bakinta yana kallon rumfa.

Ban taɓa ganin benci ya zama babu kowa da sauri irin haka ba. Babban jami'in yana ƙarƙashin tebur, hularsa tana wani wuri. Babu wanda ya yi ihu. Saje ya tako a hankali ta gefena, ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya mayar da bakin wajen allo, ya zare magazin, ya ja ƙarfen baya. Kwanson da ya maƙale ya faɗo, harsashi mai rai ya biyo shi. Ya tsince shi, ya nuna mini a tafin hannunsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce, "Gidanku sun yi tarbiyya. Je ka zauna."

Shi ke nan. Ba a ƙirga ramukan da na yi ba, kuma daidai aka yi. Da Allah bai tsare ba, da yau wani gida yana da marayu ta dalilin ladabina.

Saude, ke kin fi ni wannan cuta. Na gan ki da idona kina waya da kawunki na Rimin Gado kina durƙushe a tsakar gida, shi yana can bai san kina yi ba. To ki sani, a filin harbi ladabi shi ne ki ba babba ƙeya. Ko wane ne ya kira ki, komai girman igiyar da ke kafaɗarsa, ki cire yatsa daga kunama, ki tsaya yadda kike, ki amsa da baki kawai. Kuma kada ki dogara da cewa kin karanta a nan kin gane. Ni ma na gane. Ki samu abokiyar ɗaki, ki riƙe muciya kina kallon bango, ita kuma ta riƙa kiran sunanki daga baya da muryar manya, ba zato, safe da yamma, har sai wuyanki ya koyi taurin kai. Wannan ma yana cikin abin da ya sa zuciyata ta karkata ga libarba: ba ta cika cijewa ba, kuma duk abin da zai rage miki dalilin rikicewa a ranar nan, alheri ne.

Sauran labarin kin san shi, sai dai ba ki san daga inda ya faro ba. Takarda ta tura ni garin da sai an kwana biyu a mota. Shekara uku ina can. Da aka bugo cewa jikin Yaya Sule ya yi tsanani na nemi izini, aka ba ni, na kama hanya. Na iso na tarar an dawo daga maƙabarta, ana wanke ƙafa a ƙofar gida. Ke kika karɓi jakata. Ajali ba ya jiran mota, na sani, kuma ban ce da ina Kano da ya rayu ba. Amma da na riƙe hannunsa. Daga nan na ajiye kaki na karɓi gonaki, kuma ban yi nadama ba. Innarki ba za ta taɓa ce miki ki zauna kusa ba, ba halinta ba ne. Ni nake faɗa a madadinta.

Allah ya daidaita miki hannu da ido, ya sanyaya miki zuciya lokacin da aka busa usur. Allah ya tsare ki daga bindigar da ke hannunki da wadda ke hannun wani, kada ya sa ki taɓa ɗaga ta a kan ɗan Adam har ki gama aiki. Ya kare mutuncinki a bariki, ya tsare miki sallarki, ya dawo mana da ke kullum da ƙafafunki. Innarki tana sa miki albarka, mutanen gida duka suna gaishe ki.

Wassalam. Baffanki, kuma uba bisa cancanta,
Haladu Isa.

Ƙari, kuma ina so ki karanta shi da irin natsuwar da kika karanta na sama, domin in gaskiya za a bi, shi ya sa na nemi biro tun farko. Duk wanda ya shiga tawaga, ana ba shi sabon marufin kunne, babban nan mai kama da faifai biyu da ake kifawa a kai saboda ƙarar harbi. Tsohon da ya yi gwaji da shi, wanda soso ya fara leƙowa, akan bar masa. Na masu libarba ya fi kauri, domin tasu ta fi tsawa. Ban ce wannan ne ya sa na yabi libarba ba, ban kuma ce ba shi ba ne.

Kakarki Iya ta mayar da akurkin zabinta bayan tagar ɗakina. Su talatin da ɗaya ne, na ƙirga. Da na dawo daga gona na yi azahar na kishingiɗa, sai su buɗe majalisa, kuma ba su taɓa tashi da matsaya ɗaya ba. Na kai ƙara cikin ladabi, ta ce zabin suna yi mata ƙwai, ni me nake yi mata. Babu kotun da ke sama da ita a gidan nan.

Sabon naki ne, ki kare kunnenki da shi. Tsohon nake roƙo. Ki ba direban motar Ɗambatta ranar kasuwa, ki ce na Haladu ne, kada ki gaya masa ko na mene ne. Ki daure ki ci gwajin nan, Saude. Rabona da barcin rana tun kafin ruwan shuka.